Ƙotar Fartanyar Malam Sale

Ana gab da kiran la'asar aka bugo wa Sufeto Yahuza waya cewa ma'ajiyar man Alhaji Musaddiq da ke Kwanar Marke ta kama da wuta, kuma akwai gawa. Bai tsaya tambayar hanya ba, don tun daga cikin Dutse ana hango baƙin hayaƙi ya tokare sama.

Tsakiyar bazara ce, irin zafin da kwalta ke kama takalmi. Ko da ya isa, 'yan kwana-kwana sun ci ƙarfin wutar da kumfa. Babban tankin fetur ya yage daga gefe, ƙarfen ya banƙare waje. A bayan shinge aka shimfiɗe gawar maigadin wurin, Malam Sale, an lulluɓe ta da zane.

Alhaji Musaddiq na tsaye cikin farar shadda, ko ɗigon toka babu a jikinta. Tun Sufeto bai gama sallama ba ya tare shi.

"Ba sai ka wahalar da kanka ba, Sufeto. Yara sun kama mai laifin. Wani makiyayi ne, Modibbo. Kowa ya ji shi yana cewa sai ya ga bayan tankin nan, wai mun ci masa burtali."

"Wa ya ga lokacin da ya sa wutar?"

"Zuhair, faɗa masa."

Zuhair ɗan ƙanwar Alhaji ne, shi ne kuma manajan wurin. Ya matso yana goge gumi, idonsa a ƙasa.

"Na gan shi a bayan shinge, Yallaɓai, da ashana a hannunsa."

"Kana ina?"

"Ina ofis."

Sufeto ya dubi ofishin da ke can bakin titi, ya dubi shingen da ke ƙarshen fili.

"Daga can ka hango ashana? Ai kai ba manajan mai ya kamata a ba ka ba, duban wata ya kamata a riƙa kai ka."

Ba wanda ya yi dariya. A bakin ƙofa matasan garin sun yi cincirindo da sanduna, don Malam Sale nasu ne, babu wanda bai ci gyaɗar gonarsa ba. Da ƙyar 'yan sanda suka ƙwaci Modibbo daga hannunsu. Suka bi motar da ihu cewa sun ba hukuma zuwa addu'ar uku, in ba a hukunta shi ba, rugar Modibbo ba za ta ƙara kwana a ƙasarsu ba, toka za su mayar da ita.

Yahuza ɗan manomi ne daga Garki, kuma tun yana kurtu aka san shi da taurin kai. Abin da ya fi tsana a aikin nan shi ne a kawo masa mai laifi a ɗaure tun bai buɗe baki ya yi tambaya ba.

A ƙofar ofishinsu ya tarar da wata matashiya zaune a ƙasa, ta kife ƙwaryar nono a gefe. Kofur ya ce Huseina ce, 'yar Modibbo, an yi korar duniya ta ƙi tashi.

"Nan zan zauna sai Baffa ya fito," in ji ta. "In kuna da wani ɗakin, ku rufe ni ni ma."

Sufeto ya ce a ƙyale ta, ya shige.

Modibbo dattijo ne siriri, yana zaune a miƙe kamar a kan buzunsa, ya cusa hannayensa cikin riga.

"Baffa, ka je wurin tankin yau?"

"Ban je ba."

"Ka taɓa cewa sai ka ga bayansa?"

"Na faɗa, yanzu ma in ka tambaye ni zan maimaita. Hanyar shanu ce tun kakanni."

Sufeto ya ɗebo ruwa a kofi ya miƙa masa. Leɓen dattijon ya bushe ƙamas, amma bai karɓa ba.

"Fito da hannunka."

Ya jima kafin ya fito da su. Tafukan duk sun saɓule, sun yi jajir. Har cikin ransa Sufeto ya ji abin.

"To, na je," in ji Modibbo. "Ina kora shanu ta bayan shinge na ji ƙara. Tun shekaranjiya dama tankin nan yake nishi da rana, kamar saniyar da ciki ya kumbure mata. Yau ya fashe. Mai ya biyo ƙasa, wuta ta tashi. Na tsallaka na jawo Sale, amma Allah ya riga ya yi ikonsa."

"Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Da hannun nan? Wa zai yarda ceto na je?"

Gaskiyarsa. DPO ma da ya ga hannun, cewa ya yi magana ta ƙare.

"Ga barazana a gaban shaidu, ga ƙuna, ga ƙarya. Rubuta tuhuma, Yahuza, gobe a kai shi kotu gari ya lafa."

"Yallaɓai, ba da hannuna ba."

"Me ka ce?"

"Mai sa wuta gudu yake yi, ba ya tsayawa ta cinye masa tafin hannu. In an matsu a ba wani ya rubuta, ni kuma a mayar da ni ba da hannu a titi, na iya."

DPO ya yi kicin-kicin da fuska, ya ƙare masa kallo.

"Zuwa addu'ar uku. In aka ƙone rugar nan, a wuyanka."

Washegari da safe ya koma Kwanar Marke tare da Munira, jami'ar kwana-kwana da ta jagoranci kashe wutar. Mace ce mai saurin tafiya da saurin magana, kuma ranta a ɓace yake tun jiya.

Ta fara nuna masa gajeriyar katangar siminti da ta kewaye tankin.

"Wannan ba ado ba ce. In tanki ya zubar, ita za ta tare man kamar kwano, har a zo a kwashe. Dubi nan."

A gindin katangar akwai rami da yaro zai iya shiga, an fasa shi da gangan. Gefensa ya tsufa, har ciyawa ta fito ta ƙone.

"Don ruwan damina ya riƙa fita suka fasa, suka bar shi a buɗe. Yanzu bi sawun."

Baƙin sawu ya fita ta ramin, ya gangara kai tsaye zuwa wata rumfar kwano da ke kusa. A ciki ga gawar janareta.

"Inji a gindin tankin fetur!" in ji Munira. "Ko ashana ba a buƙata, Sufeto. Tururin kaɗai ya isa. Tukwanen kashe wutarsu ma fanko ne, na duba."

"Wato wuta daga ciki ta tashi. To me ya fasa tankin?"

"Jiya da safe aka sauke musu mai, aka cika shi maƙil. Fetur in ya ji rana kumbura yake yi. Shi ya sa kowane tanki yake da dogon bututu a sama, ta nan yake numfashi. In dai bututun..."

Ta ɗaga kai, maganar ta tsaya.

"Ina bututun? Wallahi jiya da muke fesa kumfa yana nan tsaye."

Sufeto ya hau abin da ya rage na tsanin. Saman tankin baƙi ƙirin, ban da wuri ɗaya. Inda bututun yake, an bar guntun ƙarfe, bakinsa fari fat yana ƙyalli, ga garin zarto a zube kan toka. Bayan wuta ta mutu aka yanke shi.

Ya sauko ya kira Zuhair.

"Ina bututun saman tanki?"

"Wuta ce ta cinye shi, Yallaɓai."

"Wuta da zarto?"

Zuhair ya yi tsuru-tsuru. "Ko 'yan gwangwan ne suka shigo."

"Suka bar janareta, suka bar ƙofar ƙarfe, suka hau tanki mai zafi don bututu ɗaya? Je ka, ina nan tafe."

Daga nan gidan mamacin ya nufa. Adama, matar Malam Sale, tana cikin takaba, don haka daga bayan labulen zaure ta amsa gaisuwarsa. Ya yi mata ta'aziyya, sannan ya tambaya ko Malam ya taɓa kawo ƙorafin wurin aiki.

"Malam ba ya kawo maganar waje gida. Sai ranar nan da ya dawo da ruwan fartanyarsa a hannu, babu ƙota. A bayan shingen yake ɗan gyaran gona kafin ruwa ya sauka. Ya ajiye, ya ƙi cin tuwo."

"Ya ce me?"

"Ya ce an karɓe ƙotar, an toshe wa tanki hanci da ita. Wai an ce mai yana bin iska ta sama. Aka ce ya hau ya buga, ya ce ba zai hau ba."

"Wa ya ce ya hau, Inna?"

"Bai faɗa ba. Malam ba ya kama sunan wanda yake cin abinci a ƙarƙashinsa da sharri. Halinsa ke nan, kuma ga inda ya kai shi." Ta ɗaga murya. "Ni ban da wannan halin. In ka gano shi, ka faɗi sunansa a ƙofar gidan nan kowa ya ji."

"In kin ga ƙotar za ki gane ta?"

"Ta ƙirya ce. Ta tsage a wajen mariƙi, ya naɗe ta da gwangwanin tumatir. Ni na yanka masa gwangwanin."

Ta turo ruwan fartanyar ta ƙarƙashin labule. Yahuza ya ɗauka ya juya shi. Irin wanda mahaifinsa ke riƙewa ne, bakinsa ya cinye saboda aiki.

A mota ya yi ta lissafin abin. Akwai ɗan sanda a ƙofar gaba tun jiya, ba wanda ya fita da dogon ƙarfe ta nan. Ta baya kuwa shinge ya faɗi, daga shi sai burtali, daga burtali sai tafkin da shanu ke sha. Mutumin da ya saɓa bututu mai nauyi a tsorace ba zai yi nisa ba. Ɗan birni kuma in ya ga ruwa, gani yake ya sami maɓoya. Bai san tafki a bazara kullum ja da baya yake yi ba.

Ya biya ofis ya sami Huseina inda ya bar ta.

"Kin san zurfin tafkin bayan ma'ajiya?"

"Ni nake kai maruƙa."

"Tashi mu je. Zaman nan ba zai fito da Baffa ba."

Ta dube shi sama da ƙasa, ba ta yarda da shi ba ko kaɗan, amma ta tashi.

Ruwan ko gwiwa bai kai ba. Sufeto ya naɗe wando, ita ta ɗaure zane, suka shiga suna caccaka taɓo da sanda. Ba su daɗe ba sandar Huseina ta bugi ƙarfe. Suka jawo shi bakin gaɓa. A bakin bututun an naɗa waya ta riƙe wani guntun gawayi tamau. Sufeto ya warware wayar, ya ƙwanƙwaso abin da ke ciki. Kan itacen ya ƙone, amma abin da ya shige bututu yana nan lafiya lau, da jan gwangwanin tumatir naɗe a jikinsa.

Huseina ta zauna a taɓon ta rufe fuska da mayafi.

Ranar addu'ar uku ƙofar gidan Malam Sale ta cika. Alhaji Musaddiq na sahun gaba a kan darduma, an sauke buhunan shinkafar da ya kawo inda kowa zai gani. Can gefe matasa sun jingine sanduna da galan-galan a gindin bishiya, jira kawai suke a shafa.

Sufeto ya bari sai da liman ya shafa fatiha, sannan ya sa aka matso da mota. Modibbo na zaune a gaba, hannayensa a naɗe da bandeji. Nan take wuri ya yamutse.

"Ga shi nan! Ku fito da shi!"

Yahuza ya tsaya a jikin ƙofar motar, ko gezau.

"Wanda zai taɓa shi, ta kaina zai bi. Kun ce a hukunta wanda ya kashe Malam Sale, to shi na zo nuna muku. Ku ba ni hankalinku."

Ya jefa bututun a tsakiyar fili, ya ɗaga ƙotar sama. Ya bayyana musu a taƙaice yadda tanki ke numfashi, da abin da ke faruwa in an cika shi maƙil an toshe shi a zafin bazara, da ramin katanga, da janareta. Sannan ya aika da ƙotar cikin zaure.

Muryar Adama ta fito daga bayan labule, kowa ya ji.

"Ta Malam ce."

Sufeto ya juya wajen Zuhair.

"Kai ne manaja. Wa ya buga ta?"

Kafin Zuhair ya buɗe baki Alhaji ya miƙe yana gyara babbar riga.

"Innalillahi! Ashe abin da yaron nan ya aikata ke nan a bayan idona? Sufeto, ni ban san komai ba. Wurin a hannunsa yake. Ku tafi da shi, ba zan tsaya wa ɓarna ba ko ɗan cikina ne."

Zuhair ya dubi kawunsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Kawu? Ni?"

"Rufe mana baki!"

"Ba zan rufe ba. Na yi maka ƙaryar ashana. Na hau tanki yana ƙona ni na yanke bututu don ka ce in yanke. Yanzu ni za ka shafa wa kashin kaji?" Ya juya wajen jama'a yana kuka. "Malam Sale ya ƙi hawa, ni ma na ce ina tsoro. Kawu da kansa ya tuɓe riga ya hau, ya buga ta da guduma. Direban tanka yana nan, a gabansa aka yi, a tambaye shi!"

Alhaji ya duba dama da hagu, bai ga fuskar da za ta taimake shi ba. Sai ya shafa wa idonsa toka.

"To, na buga! Tankina ne, maina ne. Kullum in na zo sai in ji warinsa yana bin iska, in zuba ido? Tun kafin a haife ka nake sayar da mai a galan, Sufeto, toshe baki muke yi, ba abin da ya taɓa faruwa. Ƙaddara ce."

"Malam Sale ya gaya maka tankin yana nishi?"

"Maigadi ne zai koya mini sana'ata?"

"Ya gaya maka ko bai gaya maka ba?"

"Ya faɗa. Na ce in ya ƙara, ya bar mini aikina."

"Da kuma ka ga gawarsa, sai ka nuna wa yaran nan rugar mutane."

"Ka san da wa kake magana? Waya ɗaya zan buga a ɗauke ka daga Dutse."

"Ka buga daga ofis, Alhaji, akwai caji. Ko ina aka kai ni, da wannan ƙotar zan je kotu."

Ya sa masa ankwa da hannunsa. Kofur ya tasa ƙeyar Alhaji da Zuhair zuwa bayan mota, farar shaddar tana jan ƙasa. Liman ya dubi matasan nan. Ɗaya bayan ɗaya suka sunkuyar da kai, wani ya lallaɓa ya mayar da galan bayan bishiya.

Sufeto ya buɗe wa Modibbo ƙofa.

"Baffa, ba ka da laifi. Bari a kai ka asibiti, daga nan a sauke ku a ruga."

"Tukuna. Ban yi gaisuwa ba."

Ya sauko, Huseina na biye da shi. Ya ratsa tsakiyar mutanen da suka yi masa rotse shekaranjiya, kansa a ɗage, suka dare suka ba shi hanya. A bakin zaure ya durƙusa.

"Maiɗakin Sale, Modibbo ne. Allah ya jiƙansa. Akwai abin da ban gaya wa hukuma ba, don ke ya kamata ki fara ji."

"Ina jinka."

"Da man ya ɓalle, Sale yana bakin shinge, kusa da ni. Da ya tsallako, da yanzu yana zaune a nan. Sai ya daka mini tsawa ya ce in kora shanu in yi nesa. Shi kuma ya juya da gudu zai kashe injin, don kada wutar ta kai gari."

Daga bayan labule Adama ta ce, "Ya kai?"

Modibbo ya dubi hannayensa.

"Hannunsa na kan makunnin na ɗauko shi."